Gano maguɗi a wasan dara na intanet ta hanyar ƙididdiga

Gano maguɗi ta hanyar ƙididdiga hanya ce da dandalolin wasan dara na intanet da hukumar dara ta duniya, FIDE, ke bi wajen tantance ko ɗan wasa ya nemi taimakon kwamfuta a lokacin da yake wasa. Darar da ake nufi a nan ita ce wadda ake kira ces, mai gidaje 64 da 'ya'ya 32, wadda ta bambanta da darar gargajiya ta ƙasar Hausa. Da yake ba a ganin abin da mutum ke yi a cikin ɗakinsa, masu bincike kan dogara da abin da wasan ya bari a rubuce, wato motsin da ɗan wasa ya yi, lokacin da ya ɗauka kafin kowane motsi, da yadda waɗannan suka dace da ƙarfin da aka san shi da shi. Lissafi na iya nuna cewa da wuya mai gaskiya ya yi wasa irin wannan, amma ba ya nuna waya a hannun kowa. Tazarar da ke tsakanin "da wuya" da "tabbas" ita ce tushen yawancin rigingimun da suka dabaibaye wasan tun daga 2020.

Asalin matsalar

A 1997 kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov. Daga nan manhajojin dara suka ci gaba da ƙarfi har suka wuce duk wani ɗan adam. Ana auna ƙarfin ɗan wasa da makin Elo, tsarin da Arpad Elo ya ƙirƙiro, FIDE kuma ta karɓe shi a 1970. Maki mafi yawa da wani mutum ya taɓa samu shi ne 2882, wanda Magnus Carlsen na ƙasar Norway ya kai a 2014. Manhajar Stockfish, wadda ake saukewa kyauta kuma take aiki a wayar hannu, ta haura 3500 a jerin da ake auna manhajoji. Ke nan duk mai waya yana ɗauke da abin da zai doke zakaran duniya.

Annobar korona ta 2020 ta mayar da gasanni da dama intanet, har da masu kyautar kuɗi, kuma shirin The Queen's Gambit na Netflix ya jawo miliyoyin sababbin 'yan wasa. A watan Disamba na 2022 dandalin Chess.com ya sanar da cewa masu rajista a cikinsa sun kai miliyan 100. A zauren gasa alƙali na iya caje ɗan wasa, ya karɓe wayarsa. A intanet kuwa ana buga miliyoyin wasanni kowace rana, babu mai sa ido a kan mafi yawansu, sai ƙididdiga ta zama babban makami.

Ma'aunai na farko

Hanya mafi sauƙi ita ce a bai wa manhaja wasan, a ƙirga sau nawa motsin ɗan wasa ya yi daidai da zaɓinta na farko. Ta biyu ita ce a auna asarar da kowane motsi ya jawo. Manhaja kan kimanta matsayin allo da darajar soja, wato ɗa mafi ƙanƙanta, ta raba darajar gida 100. Idan motsin da ya fi kyau zai bai wa ɗan wasa rinjayen kashi 80, shi kuma ya zaɓi wanda ya bar shi da kashi 30, to ya yi asarar kashi 50. Matsakaicin wannan asara a wasa gaba ɗaya na nuna tsaftar wasan.

Waɗannan ma'aunai biyu suna da rauni idan aka tsaya a kansu kaɗai. Motsin farko na wasa haddace su ake yi daga littattafai, don haka dacewarsu da manhaja ba ta nuna komai. Akwai kuma matsayin da motsi ɗaya ne kawai mai ma'ana, kamar ramuwa bayan an cinye wa mutum ɗa, wanda ɗan koyo ma zai gani. A 2006 Matej Guid da Ivan Bratko na Jami'ar Ljubljana sun auna wasannin zakarun duniya da manhajar Crafty, sai José Raúl Capablanca ya fito da mafi ƙarancin kuskure. Masu binciken da kansu sun danganta wani ɓangare na hakan da salon wasansa, domin ya fi son matsayi mai sauƙi inda kuskure ke da wuyar aukuwa. Darasin shi ne dole a yi la'akari da wahalar kowane matsayi kafin a yanke hukunci kan adadin dacewa.

Tsarin Kenneth Regan

Kenneth Regan farfesa ne na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Buffalo da ke jihar New York a Amurka, kuma yana da lambar gwani ta ƙasa da ƙasa a dara. Ya fara wannan aiki bayan karawar neman kambun duniya ta 2006 a birnin Elista na Rasha, tsakanin Vladimir Kramnik da Veselin Topalov na Bulgeriya. A lokacin, manajan Topalov ya yi ƙorafin cewa Kramnik na yawan shiga bayi, ya kuma fitar da alƙaluman da ke cewa yawancin motsinsa sun dace da zaɓin manhajar Fritz. Regan ya nuna cewa da yawa daga cikin motsin na dole ne, don haka dacewar ba abin mamaki ba ce. Daga baya FIDE ta riƙa amfani da tsarinsa a bincikenta.

Tsarin kan fara da tace bayanai. Ana cire motsi takwas na farko, da motsin da aka maimaita, da matsayin da wani ɓangare ya riga ya yi rinjayen fiye da soja uku. A kowane matsayi da ya rage, manhaja kan kimanta motsi da yawa da ake iya yi. Sai tsarin ya ƙiyasta yiwuwar da ɗan wasa mai wani maki zai zaɓi kowannensu, bisa abin da aka koya daga ɗimbin wasannin da aka buga a zaure. Abubuwa biyu ake aunawa a jikin ɗan wasa: yadda yake iya rarrabe motsi biyu masu kusancin daraja, da yadda yake kauce wa manyan kurakurai. Idan aka haɗa yiwuwar dukkan matsayin, sai a sami adadin dacewar da ake tsammani daga mai gaskiya mai wannan ƙarfi, da kuma iyakar da sa'a za ta iya kai shi sama ko ƙasa.

Makin z da ma'anarsa

Sakamakon binciken kan fito a matsayin lamba guda da ake kira makin z. Lambar na nuna nisan da wasan ya yi daga abin da ake tsammani, idan aka auna shi da gwargwadon hawa da saukar da sa'a kan haifar. Ga misali mai sauƙi. A ce an duba motsi 200 na wani ɗan wasa, ana tsammanin kashi 55 cikin 100 za su dace da manhaja, wato motsi 110. Lissafi ya nuna cewa hawa da saukar da aka saba gani a irin wannan adadi kusan motsi 7 ne. Idan 117 suka dace, makin z ya zama 1, abin da ke faruwa kullum. Idan 145 suka dace, makin ya kai 5. Tsarin gaske ya fi wannan sarƙaƙiya, domin motsi kan rataya da wanda ya gabace shi, amma tushen tunanin ke nan.

Kowane maki yana da yiwuwar da ta dace da shi. Mai gaskiya zai kai maki 2 kusan sau ɗaya cikin 44, maki 3 sau ɗaya cikin 740, maki 4 sau ɗaya cikin kusan 32,000, maki 5 kuma sau ɗaya cikin kusan miliyan uku da rabi. Saboda haka idan babu wata hujja sai lissafi, ana neman maki mai tsanani, kusan 5, kafin a ɗauki mataki a kan wasan zaure. Idan akwai wata shaida, kamar waya da aka samu a jikin mutum, ƙaramin maki ma na iya ƙarfafa ta.

Dalilin wannan tsanani shi ne yawan mutanen da ake dubawa. Idan aka auna 'yan wasa 100,000 waɗanda dukkansu masu gaskiya ne, kusan 135 za su haura maki 3, kusan 3 za su haura maki 4, saboda sa'a kawai. Dandalin da ya sa layinsa a kan 3 zai hukunta mutane da yawa da ba su aikata komai ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ji "sau ɗaya cikin 740" a ɗauka cewa yiwuwar mutumin mai gaskiya ne ke nan. Amsar wannan tambaya ta rataya a kan yawan masu maguɗi a cikin jama'ar tun farko. Inda maguɗi ke da wuya, kamar zauren da ake caje kowa, maki 3 ya fi yiwuwa ya zama sa'a. Inda maguɗi ya yawaita, kamar buɗaɗɗiyar gasar intanet, makin nan ya fi nauyi.

Abin da dandaloli ke gani

Dandalin intanet yana da bayanan da alƙalin zaure ba shi da su. Na farko shi ne lokaci. Ɗan adam kan yi motsi mai sauƙi nan take, ya daɗe a kan mai wuya. Mai kwafa daga manhaja kan ɗauki daƙiƙoƙi kusan iri ɗaya a kan kowane motsi, domin sai ya shigar da motsin abokin karawa, ya jira amsa, sannan ya kwafo. Na biyu shi ne sauya taga: dandali na iya sanin lokacin da ɗan wasa ya bar shafin wasan, ya kuma duba ko wasansa kan yi kyau bayan ya dawo. Na uku shi ne tarihin asusun kansa, wato ko ƙarfin mutum ya yi tsalle cikin kwana kaɗan, ko wasansa na gasar kuɗi ya fi na sauran lokuta nesa ba kusa ba.

Chess.com na haɗa waɗannan cikin wani makin ƙarfi na kansa, sannan ma'aikata, ciki har da manyan gwanaye, su duba shari'o'i masu nauyi. Kamfanin bai bayyana cikakken tsarin ba. Lichess, dandalin kyauta da Thibault Duplessis na Faransa ya kafa a 2010, yana amfani da manhajojin koyon na'ura masu suna Irwin da Kaladin wajen zaƙulo asusun da ake zargi, kafin masu kula da dandalin su duba.

A watan Maris na 2021 wani asusu mai suna Dewa Kipas daga Indonesiya ya doke Levy Rozman, mai koyar da dara a YouTube, sai Chess.com ya rufe asusun. Magoya bayan mai asusun, Dadang Subur, suka yi ca a kan Rozman. Daga baya Subur ya kara ido da ido da gwanar ƙasar, Irene Sukandar, a wasan da aka watsa kai tsaye, ta doke shi a dukkan wasanni ukun. Irin wannan shari'a, inda tazarar ƙarfi ke da faɗi kuma wasannin na da yawa, ita ce ƙididdiga ta fi iyawa.

Rigimar Carlsen da Niemann

A ranar 4 ga Satumba, 2022, Hans Niemann, ɗan Amurka mai shekara 19, ya doke Carlsen a gasar Sinquefield a birnin St. Louis, wadda ake yi a zaure. Washegari Carlsen ya janye daga gasar. Niemann ya amsa cewa ya taɓa yin maguɗi a intanet yana da shekara 12 da kuma 16, amma ya musanta yin hakan a kan allo. A farkon Oktoba Chess.com ya fitar da rahoto mai shafi 72 da ya ce akwai alamun ya yi maguɗi a wasannin intanet fiye da 100, har zuwa 2020, ciki har da na kuɗi. Rahoton ya kuma ce babu tabbatacciyar hujjar ƙididdiga cewa ya yi maguɗi a wasansa da Carlsen. Binciken Regan ma bai gano alamar maguɗi a wasanninsa na zaure ba.

A tsakanin nan wasu masu sharhi sun yaɗa alƙaluman da ke cewa wasu wasannin Niemann sun dace da manhaja ɗari bisa ɗari. Alƙaluman sun fito ne daga wani kayan aiki na ChessBase da ke kwatanta motsi da zaɓin manhajoji daban-daban, ta yadda dacewa da kowace daga cikinsu kan shiga lissafi, kuma ba don gano maguɗi aka yi shi ba. Niemann ya shigar da ƙarar neman diyyar dala miliyan 100. Wata kotun tarayya a jihar Missouri ta kori ƙarar a Yuni 2023, ɓangarorin kuma suka sasanta a Agusta. A Disamba 2023 kwamitin ɗa'a na FIDE ya ci Carlsen tarar yuro 10,000 saboda janyewa daga gasa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ya wanke shi daga sauran tuhume-tuhumen.

Jerin nasarori da zargin Kramnik

A ƙarshen 2023 Kramnik, wanda shi kansa aka zarga a 2006, ya ja hankali kan wani jerin wasannin sauri da Hikaru Nakamura ya yi a Chess.com, inda ya sami maki 45.5 a wasanni 46. Jeffrey Rosenthal, masanin ƙididdiga a Jami'ar Toronto da ke Kanada, ya duba tarihin wasannin, ya ce irin wannan jeri ba abin mamaki ba ne. A tsarin Elo, wanda ya fi abokin karawarsa da maki 400 ana tsammanin ya kwashe kusan kashi 91 cikin 100 na makin wasa. Idan yiwuwar cin kowane wasa kashi 90 ce, yiwuwar cin 45 a jere kusan ɗaya ce cikin 115. Ga wanda ya buga wasanni fiye da 50,000, da yawansu da waɗanda ya fi ƙarfi, irin wannan jeri zai bayyana fiye da sau ɗaya. Kuskuren shi ne a binciko jeri mafi ban mamaki bayan ya faru, sannan a lissafa yiwuwarsa kamar shi kaɗai aka duba.

Kramnik ya ci gaba da bayyana shakkunsa a kan wasu 'yan wasa, ciki har da Daniel Naroditsky, babban gwani ɗan Amurka, wanda ya musanta zargin kuma ya yi magana a fili kan yadda abin ya dame shi. Naroditsky ya rasu a Oktoba 2025 yana da shekara 29. Bayan rasuwarsa FIDE ta miƙa kalaman Kramnik ga kwamitinta na ɗa'a. Kramnik ya musanta aikata ba daidai ba.

Iyakar ƙididdiga

Babban raunin hanyar shi ne gwanin da ke maguɗi da dabara. A koma ga misalin motsi 200, a ce wasanni bakwai ne. Idan ɗan wasa ya leƙa manhaja sau biyu kawai a kowane wasa, motsi 14 ke nan, kuma da ma zai iya gano kusan rabinsu da kansa. Ƙarin dacewar bai wuce motsi 7 ba, wato makin z na 1, wanda ba ya tayar da hankalin kowa. Amma ga babban gwani, taimako a wurare biyu masu muhimmanci ya isa ya sauya sakamakon wasa. Wannan ne ya sa wasu manyan 'yan wasa, kamar Fabiano Caruana, suka ce rashin samun alama a tsarin Regan bai isa ya wanke mutum ba.

Rauni na biyu shi ne dogaro da maki. Matashin da ƙarfinsa ke ƙaruwa da sauri kan fi makinsa, musamman bayan korona lokacin da gasannin zaure suka tsaya, maki ya daskare alhali 'yan wasa na ta koyo. Idan aka auna shi da tsohon maki, mai gaskiya zai yi kama da mai laifi. Haka kuma 'yan wasan yanzu da manhaja suke atisaye, suna haddace shiri mai zurfi da ya wuce motsi takwas na farko.

Shi ya sa ƙididdiga ta fi amfani idan ta haɗu da wata shaida. Alƙaluman Regan sun sa jami'an FIDE sa ido a kan Igors Rausis, wanda makinsa ya yi ta hawa yana da shekara fiye da 50, har aka ɗauki hotonsa da waya a bayi a gasar Strasbourg ta 2019. An dakatar da shi shekara shida, aka ƙwace lambarsa ta babban gwani.

Wa ke yanke hukunci

Inda za a ja layi shawara ce ta mutane, kuma kowane zaɓi yana da wanda zai cutu. Idan aka sassauta, masu maguɗi za su kwashe kyaututtukan masu gaskiya. Idan aka tsananta, za a ɓata sunan wanda bai ji ba bai gani ba. A gasar jami'o'i ta duniya da FIDE ta shirya a intanet a 2021 an soke sakamakon 'yan wasa 20, ciki har da Iulija Osmak ta Yukren wadda ta zo ta ɗaya a wasan sauri na mata. An dogara ne da ƙididdiga, masu shirya gasar kuma suka ce matakin ba ya nufin an tabbatar da maguɗi. Osmak ta musanta zargin, amma kambun ya tafi.

Akwai kuma batun sirri. Dandaloli na cewa idan suka bayyana hanyoyinsu, masu maguɗi za su koyi kauce musu. Masu suka na cewa kamfani ɗaya ne mai bincike, mai gabatar da ƙara, kuma alƙali, wanda ake zargi kuwa ba ya ganin hujjar da zai kare kansa daga gare ta. Hausawa kan ce in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu, kuma kiran da ake yi na a bar masana masu zaman kansu su tantance waɗannan tsare-tsare yana kan wannan turba.

A manyan gasannin intanet yanzu an ƙara matakan rigakafi: kyamara biyu, ɗaya a fuska ɗaya a bayan ɗan wasa, nuna allon kwamfuta ga alƙalai, da manhajar sa ido kamar Proctor ta Chess.com. Wasu gasannin kan tara 'yan wasan zagayen ƙarshe a wuri ɗaya, su buga a kwamfuta a gaban alƙali. Waɗannan matakai na rage nauyin da ke kan lissafi a gasannin kuɗi, amma ga miliyoyin wasannin yau da kullum ƙididdiga ce kaɗai mai gadi.